Abotar Yara Tsakanin Kirista da Musulmi a Karkarar Kano

Abotar yara ita ce shaƙuwar da takan shiga tsakanin yaro da yaro, ko yarinya da yarinya, tun kafin su kai ga zaɓa wa kansu sana'a, ko abokin aure, ko ɓangaren siyasa. Ƙyamar addini kuwa ita ce mutum ya yanke wa wani hukunci a zuciyarsa, ya ɗauke shi ƙazami, ko maƙiyi, ko marar amana, domin addininsa kawai, ba tare da ya ga wani laifi a gare shi ba. Wannan bayani ya duba yadda abubuwan nan biyu suke haɗuwa a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, musamman daga ƙarshen yaƙin basasa a 1970 zuwa yau. An shirya shi domin iyaye, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa da na zumuntar mata, gama su ne yara sukan fara kawo wa tambaya.

Ƙasar da mutanenta

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Daura ta Dambatta da Kazaure, zai lura cewa da wuya ya ga daji. Gona ce take bin gona, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye a cikinsu, ga gidaje a warwatse. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa yankin yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma. Ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, taki ne yake riƙe ta. A dā jakai ne suke kai itace birni su komo da taki.

Wannan yana da nasaba da batunmu. Inda ƙasa ta yi ƙaranci, ba mai iya nisantar maƙwabcinsa. Iyakar gonarka tana jikin tasa, akuyarka takan shiga wakensa, rijiya ɗaya ce, kasuwa ɗaya ce. A manyan birane kamar Kaduna da Jos rikici ya raba unguwanni, kowane addini ya koma gefensa. Manomin ƙauye ba shi da wannan zaɓi, domin gonar gado ba ta ɗaukuwa a kai.

Yawancin mutanen yankin Hausawa ne da Fulani Musulmi. Hausawa Kirista sun fi yawa a kudu da yammacin jihar, wajen Rogo, Ƙaraye, Sumaila da Tudun Wada. A arewa tsiraru ne, unguwa nan unguwa can, har zuwa ƙasar Kazaure da Roni, waɗanda suke cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Mafi yawansu zuriyar Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya bayan Musulunci ya shigo Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, har bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. A ƙarƙashin sarakunan Fulani an bar su a gonakinsu suna biyan jizya. Joseph Greenberg ya zauna a cikinsu a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa a kansu ya fito a 1946.

Turawan mulki, waɗanda suka ci Kano a 1903, sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a masarautun Musulmi. Ƙofa ta buɗe ne ta hanyar magani. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a lardin Kano, wanda ya zauna a Yadakunya a ƙasar Ungogo, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. Aka kafa tashoshi a wurare irin su Roni da Ƙaraye, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki sun zama ECWA a 1954. Angilikan da Katolika da Baftis su ma sun yi nasu aikin. A gefe guda kuma, tsakanin 1963 da 1965 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntar da masu addinin gargajiya a Arewa. Sakamakon duka biyun shi ne, a gida ɗaya na Maguzawa wa ya musulunta, ƙane ya karɓi baftisma, tsohon ya mutu a kan tsafinsa. Saboda haka a ƙauyuka da yawa, yaron nan Musulmi da ɗanka yake wasa da shi ba baƙo ba ne. Taubashinsa ne, ko ɗan ƙanen kakansa.

Bayan yaƙin basasa

Kano ta ga jini kafin yaƙin. A watan Mayu, da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba na 1966, an kashe 'yan ƙabilar Ibo da yawa a garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida. Yaƙin ya fara a Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970. Shugaban ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, shi kansa ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa kusa da Zariya, a tsakiyar Hausawa. Ya shelanta cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya kuma sa manufar sulhu da sake gina ƙasa.

Shekaru goman da suka biyo baya sun cakuɗa mutane fiye da kowane lokaci. Ibo suka koma Sabon Gari, da yawa suka tarar da gidajensu aka mayar musu, daga nan wasu suka bazu zuwa garuruwan kasuwa suna sayar da magani da kayan keke da na gini. Rundunar soja, wadda take wajen mutum 10,000 kafin yaƙin, ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa, da yawa daga cikinsu Kirista ne daga Binuwai da Filato da kudancin Zariya. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya sa hannu a gina madatsun ruwa da hanyoyi, aikin ya jawo leburori da direbobi da injiniyoyi daga ko'ina. A 1973 aka kafa shirin bautar ƙasa, samari da 'yan mata daga Kudu suka fara bayyana a makarantun ƙauye. Fari ya yi tsanani daga 1972 zuwa 1974, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, mutane suka yi ta ƙaura neman abinci.

Abin da ya fi taɓa yara shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Satumban 1976. A cikin shekarun nan ne kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan da yawa. Ikilisiya ta ji zafin wannan ƙwarai, har yau dattawanmu suna maganarsa. Amma ya kamata a faɗi ɗaya gefen: a karo na farko ɗan mai unguwa, da ɗan Bamaguje, da 'yar ɗan sanda Batibi, da ɗan mai kemis suka zauna a benci ɗaya, ko a tabarma ɗaya a gindin bishiya inda babu benci. Waɗanda suka shiga aji ɗaya a shekarun nan yanzu sun haura hamsin. Idan ka ji dattijo yana cewa a dā ba haka muke ba, yawanci wannan zamani yake tunawa.

Kada dai mu mai da zamanin nan Aidan. Yaran da suka yi ƙwallo tare a filin makaranta sun gaji kalmomin yaƙin daga bakin manya. Sunan da ake kiran Ibo da shi, Inyamuri, ya samo asali ne daga kalmomin neman ruwan sha a harshensu, an kuwa yi amfani da shi wajen ba'a. Yaron Hausa Kirista ya sami kansa a tsaka mai wuya: harshensa da rigarsa da tuwonsa na Hausa ne, amma ranar Lahadi yana sujada irin ta baƙin da aka yi yaƙi da su. Wasu suka fara tambayarsa ko shi Bahaushe ne na gaske. A Kudu kuma, kalmar nan mai daraja, aboki, ta koma sunan raini ga duk ɗan Arewa, Musulmi ko Kirista. Wannan rashin wurin tsayawa yana cikin dalilan da suka sa Hausawa da Fulani da Barebari masu bi suka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya.

Yadda abotar take ƙulluwa

Ba wanda yake shirya ta. Aiki ne yake haɗa yaran ƙauye. Da damina ana tura su kiwon awaki da yankan ciyawa, da kaka su yi kalar gyaɗa da tsaron tsuntsu, da rani su tafi ɗiban ruwa da itace. Da dare idan akwai farin wata, maza su yi langa da kokawa a dandali, mata su yi gaɗa. 'Yan mata masu talla sukan jera zuwa kasuwa, ɗaya da ƙosai ɗaya da dafaffiyar gyaɗa, su taya juna lissafin canji.

Al'adar Hausa ba ta ɗauki abota da wasa ba. Yarinya takan ƙulla ƙawance da wata da sanin iyaye, su riƙa musayar kyauta a biki da suna har tsufa, abin da aka kawo maka yau ka mayar da fiye da shi gobe. Saurayi yana da babban aboki wanda zai tsaya masa ranar aure. Akwai wasan taubasai, akwai na garuruwa da ƙabilu kamar na Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, inda ake faɗa wa juna magana mai zafi a yi dariya. Akwai gayya, inda samarin unguwa sukan taru su nome gonar mutum ɗaya. Yaro yakan kira uwar abokinsa Inna ko Iya, ya kira uban Baba, ya durƙusa ya gaishe su, ko da wane addini suke bi. Dukan waɗannan sun girmi rabuwar addinin da muke gani yanzu a gidajen, kuma su ne suke riƙe da zumunci idan ya fara tsagewa.

Abincin biki shi ne alamar da kowa ya sani. Ranar Salla yara Musulmi sukan kawo tuwo da naman layya gidajen Kirista, ranar Kirsimeti a mayar da shinkafa da cincin. Magidanta Kirista da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuyar Kirsimeti domin kowa ya iya ci. Masu bi ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Wasu suna ganin kamar amincewa ce cewa yankanmu mushe ne. A ganina hikima ce ta mai masauki: wanda ya dafa domin baƙo, bakin baƙon yake dubawa.

Inda ƙyama take shiga

Yaro ba ya zuwa duniya da ita, ji yake yi. Ƙofarta ta fari ita ce suna. Arne da kafiri kalmomi ne da yaro Kirista a ƙasar Kano yakan ji tun kafin ya san ma'anarsu. Bamaguje sunan kakanninsa ne, amma a bakin wasu ya zama zagi mai nufin mashayin giya marar tsarki. Mu ma muna da namu. A gidaje da yawa na masu bi ba a ambaton Musulmi sai da mutanen nan, ana kuma faɗa a gaban yara cewa ba a amince musu ko an ci an sha tare. Tun bayan fitowar Boko Haram, an sami yaran da suke jifan kowane mai rawani da wannan suna, alhali harin da ƙungiyar ta kai birnin Kano ranar 20 ga Janairu 2012, wanda ya kashe fiye da mutum 150, yawancin waɗanda ya ci Musulmi ne.

Ƙofa ta biyu ita ce moɗa da kwano. Wannan ya fi kowane zagi ciwo, domin ba a cewa komai. Yarinya ta shiga gidan ƙawarta ta roƙi ruwa, a ɗauko mata wata moɗa dabam, ko ta ga an wanke wadda ta sha da ita har sau uku. Ko a kai tuwon Kirsimeti a karɓa da godiya, daga baya yaron da ya kai ya ga an zuba wa kaji. Na taɓa tambayar manya a wani taron ƙara wa juna sani su faɗi ranar da suka fara sanin cewa su dabam ne. Kusan babu wanda ya ambaci wa'azi ko rikici. Moɗa suka ambata, da kwano, da ranar da aka ce su koma bayan aji.

Makaranta ita ce ta uku. A makarantun gwamnati da yawa na karkarar Kano babu malamin darasin addinin Kirista, sai yaro ya zauna a darasin da ba nasa ba, ko ya fita ya tsaya a rana. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su yarda da shi ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba. Akwai kuma batun suna a rajista. Mai suna Musa ko Yakubu ko Saratu yakan wuce ba a lura ba, Bulus da Markus da Rifkatu kuwa tun daga kiran suna an san su.

Yawanci abotar takan yi rauni wajen shekara goma sha biyu zuwa sha biyar. A nan ne yaro Musulmi yake kama azumi da salla sosai, wani a tura shi almajiranci wani gari, yarinya ta fara lulluɓi ana maganar aurenta. Yaro Kirista kuma yana shiga ajin baftisma da ƙungiyar matasa da ta mawaƙa. Kowannensu ya fara jin cewa abokinsa yana kan hanyar hallaka. Wannan ba ƙyama ba ce a kanta, kowane addini yana da abin da ya gaskata game da ceto. Takan zama ƙyama ne sa'ad da aka koya wa yaron cewa tun da abokinsa ya ɓata, to, ba shi da gaskiya, ba shi da tsabta, ba shi da alheri.

Sai kuma labarin birni. Tarzomar Maitatsine ta Disamban 1980, wadda ta ci fiye da mutum 4,000, ba tsakanin Kirista da Musulmi aka yi ta ba. Amma ta Oktoban 1982 a Fagge a kan ginin majami'a ce, ta Oktoban 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ce, ta Mayun 2004 kuma ramuwar kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam ce. A 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A Satumban 2007 rikicin Tudun Wada ya tashi ne daga makarantar sakandare, daga zargi tsakanin ɗalibai, ya ƙare da asarar rayuka da ƙona majami'u. Mafi yawan ƙauyukan arewa ba su ga wuta a waɗannan lokuta ba, amma labari yakan iso da motar kasuwa da rediyo, yanzu kuma da waya. Kowane karo sai wata uwa ta ce wa ɗanta kada ya ƙara zuwa gidan su wane.

Abin da masu bincike suka gano

A 1954, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Gordon Allport ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharaɗi: waɗanda suka haɗu su kasance a matsayi ɗaya, suna neman abu ɗaya, suna taimakon juna wajen samunsa, manya kuma suna goyon bayan haɗuwar. Kiwo da langa da gayya sun cika sharuɗɗa ukun farko ba tare da kowa ya tsara ba. Na huɗun ne yake hannunmu.

An gwada wannan ra'ayi a nan kusa. Alexandra Scacco da Shana Warren sun shirya wa samari Kirista da Musulmi koyon kwamfuta na mako 16 a Kaduna, wasu a aji gauraye, wasu a ajin addini ɗaya, suka buga sakamakon a 2018. Abin da samarin suke faɗa game da ɗaya addinin bai canja ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka yi aji gauraye ba su tauye na ɗaya addinin ba kamar yadda 'yan ajin addini ɗaya suka yi. A Iraƙi, Salma Mousa ta sa 'yan wasa Musulmi a cikin ƙungiyoyin ƙwallo na Kiristan da mayaƙan ISIS suka kora daga garuruwansu, ta buga nata a 2020. Kiristan sun sake jiki da abokan wasansu, har suka ci gaba da atisaye tare, amma hakan bai kai ga Musulmin da ba su sani ba.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ba tare da bincike ba. Mutum yakan ce dukansu haka suke, ban da wane, shi dabam ne. Abota tana kāre aboki, ba lalle ta wanke sauran ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ce. A Yunin 2018, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Mutanen da ya daɗe yana zaune da su ne. Sakamakon Kaduna kuma yana da gargaɗi ga ikilisiyoyin da suke ganin mafita ita ce a killace yaranmu a makarantarmu da filin wasanmu kaɗai. Muna bukatar makarantun, musamman inda aka hana yaranmu darasinsu. Sai dai yaron da ya girma bai taɓa cin kwano ɗaya da Musulmi ba, duk abin da aka faɗa masa a kansu zai yarda.

Koyarwar Littafi Mai Tsarki

Ayar da aka fi kawowa domin hana abota ita ce 2 Korantiyawa 6:14, wadda ta yi gargaɗi a kan haɗa kai da marasa ba da gaskiya. Mahallinta maganar tarayya ce a cikin sujada da bautar gumaka, ikilisiya kuma ta daɗe tana amfani da ita a kan aure. Ba za ta zama hani ga maƙwabtaka ba, gama Bulus ɗin nan ne ya ce a 1 Korantiyawa 5:9-10 ba ya nufin mu rabu da mutanen duniya, a 10:27 kuma ya yarda mai bi ya amsa gayyatar cin abinci a gidan wanda ba mai bi ba.

Batun moɗa ma yana cikin Littafi. A Yahaya 4 Yesu ya roƙi ruwa a hannun Basamariya, ita kanta ta yi mamaki domin Yahudawa ba sa tarayya da mutanenta. A Ayyukan Manzanni 10 sai da Allah ya nuna wa Bitrus wahayi sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyas. Lura fa, a labaran nan biyu mutanen Allah ne masu ƙyamar. A Luka 10 kuma wanda Ubangiji ya ɗauka ya zama misalin maƙwabci ɗan addinin da masu sauraronsa suka raina ne.

Labarin da ya fi dacewa da yaran bayan yaƙi yana 2 Sarakuna 5. Yarinya ce Ba'isra'iliya da mayaƙan Suriya suka kamo, tana yi wa matar Na'aman hidima. Tana da kowane dalili na ƙin gidan. Ita ce ta faɗa wa uwargijiyarta inda maigidan zai sami warkarwa daga kuturta. Irmiya 29:7 ya umarci kamammu su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. Farawa 25:9 ta nuna Ishaku da Isma'ilu tsaye tare suna binne mahaifinsu. Dokar da ta hana shaidar zur a Fitowa 20:16 ba ta keɓe maƙwabci Musulmi ba, saboda haka tura hoton ƙarya ko jita-jita a WhatsApp game da su yana ƙarƙashinta.

Yana da amfani mai bi ya san cewa malaman Musulunci da yawa ba su goyi bayan raba moɗa ba. Alƙur'ani ya kira Yahudawa da Kirista ma'abota littafi, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuma ta yarda a kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Tarihinsu ya nuna cewa sa'ad da aka tsananta wa Musulmin farko a Makka, sarkin Habasha Kirista ne ya ba su mafaka. Ba domin gardama za a san waɗannan ba. Domin uba ya iya zuwa wurin liman ko mai unguwa da ladabi ya ce, Malam, ga abin da ya faru da yarinyata, ina kuma jin ba haka addininku ya koyar ba.

Tsoron iyaye

Ba daidai ba ne a yi wa iyaye wa'azin ƙauna a tsallake abin da yake hana su barci. Babban tsoronsu a kan 'ya'ya mata yake. An sha samun yarinya Kirista da ba ta kai shekarun girma ba ta bar gida ta hanyar saurayi ko ƙawa, a ce ta musulunta, iyaye su yi ta zirga-zirga tsakanin gidan hakimi da ofishin 'yan sanda. Wannan yana faruwa, kuma inda Kirista ba su da yawa ba su da bakin magana. Iyaye Musulmi su ma suna da irin nasu tsoron, cewa alherin Kirista tarko ne na janye musu yara.

Hana abota gaba ɗaya ba ya maganin wannan, yakan mai da ita ta ɓoye ne kawai. A lamuran da suka zo gabana, yarinyar da ta fi shiga hatsari ita ce wadda aka cire daga makaranta domin rashin kuɗi, ko wadda take talla har dare, ko wadda ba ta da mai saurarenta a gida. Abotar da iyayen ɓangare biyu suka san da ita, suna gaisawa, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, ita ce mafi aminci. Uwa ta san ƙawar 'yarta da uwar ƙawar. A bambanta wa yara tsakanin ƙawance da zance tun da wuri, a faɗa musu matsayin ikilisiya a kan aure a fili tun kafin zuciya ta kamu. A kuma ajiye takardar haihuwar kowane yaro, domin idan magana ta kai gaban hukuma shekaru ake fara tambaya.

Sa'ad da yaro ya dawo gida yana kuka an ce masa arne, abin da ya fara ji daga bakin uwarsa shi zai riƙe. Idan ta ce ai haka suke, ta ba shi hukunci a kan dukan unguwa. Gara ta tambaye shi wa ya faɗa, su wa suke wurin, abokinsa kuma me ya yi. Sau da yawa za a tarar yaro ɗaya ne ya yi zagin, wani kuma a cikinsu ya ce a bari. Sa'an nan ta gaya masa ma'anar kalmar, da dalilin da ya sa ba ta dace da shi ba, ta kuma koya masa amsa gajeriya wadda babu zagi a ciki. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara kada su taɓa yin ba'a da Annabin Musulmi, ko Alƙur'ani, ko kiran salla, ko da wasa, ko da an tsokane su, a baki ko a waya. Ladabi ne, kuma a Jihar Kano maganar rai ce. Idan abin ya faru a makaranta ne kuma ya maimaitu, uba ya tafi wurin hedimasta tare da dattijon ikilisiya ɗaya, in da hali da wani maƙwabci Musulmi da suka yi firamare tare.